Me za mu kira venv da Hausa?

Mai koyar da Python: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibai yadda ake ware wa kowane aikin Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) kayansa a VS Code, manhajar da muke rubutun a ciki, na maƙale a kan fassarar virtual environment, wato venv. In ka buga `python -m venv .venv`, za a buɗe maka folda mai nata pip, wato abin da ke sauke kayan Python, duk abin da ka sauke a nan zai tsaya. Aikin da ke kan sigar 1.26 ta NumPy, wani kayan lissafi na Python, ba zai ci karo da mai buƙatar sigar 2.0 ba. A taimaka da suna.

Ɗalibi: Muhallin bogi, Malam.

Mai fassara: A'a ƙanina, bogi jabu ne, wannan kuwa aiki yake yi na gaske. Keɓaɓɓen muhalli ya fi, don keɓewar ce amfaninsa.

Dattijo daga Maraɗi: Muhalli Larabci ne, kuma kowa ya ji shi sai ya tuna sare itatuwa da kwararowar hamada. Muna da garka. An kewaye ta da danga, abin da ka shuka ciki naka ne, akuyar maƙwabci ba ta shiga. Ku ce garkar Python.

Mai fassara: Baba, in za mu kori Larabci, da littafi da alƙalami duk sun tafi. Yaron Kano ma lambu ya sani.

Dattijo daga Maraɗi: To ya koya. Kullum sai abin da Kano ta sani ne Hausa? Ni na daina jin kunyar kalmar ƙauye a gaban kwamfuta.

Injiniya: Tun 2012 venv ke cikin Python, daga sigar 3.3, kuma yaran nan da sun danna Ctrl+Shift+P Turanci za su gani: Python: Select Interpreter. Duk sunan da kuka zaɓa, a nuna musu na allo, kada su zaɓi Python ɗin kwamfuta gaba ɗaya su yi ta mamakin ina kayan da suka sauke.

Mai koyar da Python: Na gode. A takarda zan sa keɓaɓɓen muhalli, garka kuma in yi misali da ita a aji. Saura activate, umarnin fara aiki da venv ɗin: kunna ko shiga?

Dattijo daga Maraɗi: Garka shigarta ake yi. Misali kawai kuka ba ta, ban gamsu ba, amma Allah ya ba da sa'a.