Spirited Away ya burge ni, amma ƙarshensa ya bar ni da tambaya

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum. Daren jiya na zauna da yarana biyu muka kalli Spirited Away, fim ɗin zane na ƙasar Japan da Hayao Miyazaki ya fitar a 2001. Babbar shekararta tara, ƙaramin biyar. Tun a farko, wurin da iyayen Chihiro suka zauna suna ɗirkar abincin da ba nasu ba har suka rikiɗe suka koma aladu, ƙaramin ya cusa kansa a jikina, bai ƙara ɗagowa ba har barci ya ɗauke shi. Ita kuwa babbar ko motsi ba ta yi ba, sama da awa biyu.

Abin da ya fi kama ni yarinyar ce. Chihiro 'yar shekara goma ce mai tura baki, a kwance muka fara ganinta a bayan mota tana ƙunƙuni don za a raba ta da tsohuwar makarantarta. Ba wanda ya ba ta takobi ko wani siddabaru. Aiki ta roƙa a gidan wankan wata mayya mai suna Yubaba, aka ƙwace mata suna aka bar ta da Sen, ta durƙusa tana goge daɓe. Akwai inda take sauka daga wata doguwar matattakala ta bayan gini, a zaune, tana jan jiki taki ɗaya-ɗaya, ƙafarta na laluben katako. Hanifa ta damƙe hannuna a wurin. Haka yaro mai jin tsoro yake yi, wanda ya zana wannan ya san yara.

Damuwata ƙarshen ne. Ita da Haku, yaron da ke taimaka mata wanda ke rikiɗa ya koma dodo mai ƙaho, suna cikin tashi a sama, kwatsam Chihiro ta tuna ta taɓa faɗawa wani kogi tana ƙarama, Haku ya gano sunansa na asali, ashe shi ne ruhin kogin, shi ke nan. Aka jera mata aladu, ta kalle su ta ce babu iyayenta a ciki, aka tashi. Ta yaya ta sani? Hanifa ta tambaye ni, na rasa amsa. Ni ce ban fahimta ba, ko dai gaggawa aka yi?

Baban Sadik:

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Batun kogin an ɗan share masa hanya. Tun daren farko da suka haɗu Haku ya gaya mata ya san ta tun tana ƙarama, sannan lokacin da suka faɗo ramin nan tana riƙe da ƙahonsa, an hasko ta a cikin ruwa na ɗan ƙiftawar ido. Sai dai gaskiyarki, yaro ba zai kama wannan a kallon farko ba. Ni ma sai a karo na biyu na lura. An san Miyazaki da fara aikin fim tun bai gama tsara labarin ba, yana zana shi yana tafiya, kuma a ganina a nan ne abin ya nuna. Maganar aladun kam ba ni da abin da zan kare ta da shi.

Anti Zulai:

Ni ban ɗauke shi aibi ba, ƙanwata. Dubi wurin da aka kawo baƙon nan mai wari, kowa ya toshe hanci ya gudu, ita ta lalubo wani abu a jikinsa, aka ɗaura igiya aka ja, sai ga keke da tarin shara, ashe ruhin kogi ne da mutane suka ƙazantar. Dubi kuma yadda Kaonashi, marar fuskar nan, ya miƙo mata zinariya cike da tafin hannu ta ƙi karɓa, alhali sauran ma'aikata na wawaso. Tun daga nan ake nuna miki idonta ya daina ruɗuwa da abin da ke sama-sama. To don ta kalli aladu ta gane ba iyayenta ba ne, ban ji mamaki ba.

Inda nake ganin rauninsa shi ne Zeniba, tagwayen Yubaba. Da farko ta zo a fusace, ta raunata Haku jina-jina, ta mayar da jaririn Yubaba ɓera. Da aka je gidanta sai ga tsohuwa mai fara'a tana saƙa. Sauyin ya yi sauri da yawa.

Ɗan shekara biyar kuma, gaskiya fim ɗin ya fi ƙarfinsa. Akwai jini, akwai inda Kaonashi ke haɗiye ma'aikata. Ki gwada masa My Neighbor Totoro na 1988, shi ma na Miyazaki ne, ya fi sanyi. Babbar kuma zai yi kyau ki gaya mata halittun nan daga addinin Shinto na Japanawa aka ɗauko yawancinsu, don ta san daga ina labarin ya fito.

Maman Hanifa:

Na gode, Anti. Bayanin idon nan ya shige ni, ko da yake har yanzu ina ganin da an ƙara wa ƙarshen ko minti biyar ne da ya fi zama. Abin da ke ba ni mamaki, fim ɗin da ya yi rowar lokaci a ƙarshe shi ne ya yi kyautarsa a tafiyar jirgin ƙasa. Kamaji, tsohon da ke dafa ruwan gidan wankan, ya ba ta tikitin da ya ajiye shekara arba'in, jirgi na tafiya a kan ruwa, fasinjoji kamar inuwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana, sai kiɗan Joe Hisaishi a hankali. Na ɗauka Hanifa za ta gundura a nan. Da safe ina shirya ta makaranta ta ce mini, Mama, yarinyar nan da ke tsaye a tasha ita kaɗai, wa take jira?