Lulluɓin kitosan da Bioglass a kan ƙarfe 316L yana fitowa da ramuka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ana lulluɓa ƙarfe mara tsatsa 316L da kitosan (sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande) haɗe da garin Bioglass 45S5 (gilashin da ke haɗuwa da ƙashin jiki) ta hanyar EPD, wato a sa wutar lantarki ta ja su daga cikin ruwa su manne a kan ƙarfen. Ruwa zalla ne da asid ɗin asetik kashi 1 cikin 100, volt 30, minti 5, tazarar farantan biyu da ake sa wa wuta santimita 1. Lulluɓin yana fitowa da ramuka kamar saƙar zuma, in ya bushe kuma ya dare. Ina kuskuren yake?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kumfar haidurojin ce ta huda maka shi. Kitosan cikin asid yana ɗauke da cajin (+), don haka katod yake nufa, wato farantin (−), wanda shi ne ƙarfen da kake lulluɓawa. A can wuta ke fasa ruwa, pH (ma'aunin tsami) ya hau, wato tsamin ya ragu, kitosan ya daskare ya riƙe garin gilashin. Wannan fasa ruwan shi ne kuma ke fitar da gas. Kaɗan ake so, amma volt 30 cikin ruwa zalla tafasa ce kawai.

Sauya haɗin: etanol kashi 79, ruwa 20, asid 1, kitosan giram 0.5 a lita. Ka fara narkar da kitosan cikin ruwa da asid tukuna, domin ba ya narkewa a etanol. Sauko zuwa volt 15 ko 20, minti 2 zuwa 3. In kumfa ta nace, a riƙa ba da wutar a yanke-yanke don gas ya samu sararin tashi.

Amsa ta 2:
Ƙari a kan bayanin malam: ka sa ido kan pH na haɗin kansa. Kusan rabin nauyin 45S5 sodiyam oksaid ne da kalsiyam oksaid, kowanne kashi 24.5. Suna narkewa cikin asid su ɗaga pH, da ya kusanci 6.3 kitosan zai saki cajinsa ya dunƙule tun a cikin kwalba. Riƙe shi wajen 4 zuwa 5, kuma kada haɗin ya kwana. Garin yana saurin kwantawa, sai a kaɗa shi a bahon altrasonik dab da sa wuta.

Amsa ta 3:
Darewar ba ta kumfa ba ce. Kauri ne ya yi yawa, ko gilashi ya rinjayi kitosan ɗin da zai ɗaure shi. Rage garin, zare farantin a hankali, a bar shi ya bushe a ɗaki awa 24. Kada a kai shi tanda mai tsananin zafi, kitosan zai ƙone. Kafin komai a goge ƙarfen da takardar yashi, a wanke da asetun sannan etanol. Ko maiƙon yatsa ya isa ya sa lulluɓin ya ɓamɓare a gwajin manna salatif a ɓare.