Neman shawara: Fetur ne ya yi wa babur ɗina yawa, ko kuwa iska ce?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan babur ɗina mai kafireta, ƙaramin nan mai injin 100cc, wanda nake zuwa wurin aiki da shi kullum daga bayan gari. Tun da hunturu ya kankama na lura yana shan mai fiye da yadda na saba, kuma idan na ja totur sosai a kan doguwar hanya sai ya yi nauyi yana kakarewa, har wani abokina da ke biye da ni ya ce yana ganin baƙin hayaƙi daga salansa. Na kai shi wurin wani bakanike, ya sa sukundireba ya murɗa wata 'yar kusa a jikin kafireta, ya ce ya rage masa shan mai. Tun daga ranar, ko inji ya ɗumama ba ya zama sai na ɗan bar masa cok, idan na saki totur silo yakan daɗe a sama kafin ya sauko, sannan a gangara salansa tana ta fas-fas. Shan man kuwa bai ragu ba. Wasu sun ce mai ne ya yi yawa, wasu sun ce iska ce. Ta yaya zan tantance?

Amsa ta farko, daga wani ɗan acaba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni a ganina ringi ne suka cinye, tunda ka ambaci hayaƙi. Nawa ya taɓa yin haka, sai da aka sauke inji aka sa sababbi.

Amsa ta biyu, daga wani tsohon bakanike:
Malam, kada ka yi gaggawar sauke inji. Hayaƙin ringi shuɗi-shuɗi ne, yana warin ƙonannen baƙin mai, kuma za ka ga man inji yana raguwa. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur kuwa yana nufin fetur ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙone shi.

Inji yana buƙatar wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi, kuma babban mai ba da shaida a kan wannan haɗi shi ne fulogi. Kunce shi ka dubi farin tangaran ɗin da ke bakinsa. Idan ka same shi baƙi ƙirin, da busasshiyar kunkunniya wadda take bin yatsa kamar ta gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Idan fari ne fat kamar alli, iska ta yi yawa kuma inji yana cin wuta. Idan ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shayin da aka zuba wa madara, haɗin ya yi daidai. Baƙi mai danƙo da maiƙo shi ne na ringi, wanda ɗan'uwanmu ya ambata.

Sai dai abin da na fahimta daga bayaninka shi ne matsala biyu kake fama da su a lokaci guda, shi ya sa masu ba ka shawara suka rabu, kuma kowannensu yana da rabin gaskiya. Kafireta ba ta hanya ɗaya take ba da mai ba. Daga silo zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da fetur yake fita ta cikinta, da waccan 'yar kusa ne suke aiki. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allurar da ke cikin kafireta ce take iko, sannan idan ka ƙure totur babban jet ya karɓa. Nauyi da baƙin hayaƙin da kake gani a kan doguwar hanya suna can sama, alhali kusar da aka murɗa maka a ƙasa kawai take da tasiri. Saboda haka ciwon farko yana nan inda yake, an kuma ƙara maka na biyu: an ƙwace wa silo mai. Daɗewar silo a sama, da fas-fas ɗin salansa idan an saki totur, da son cok bayan inji ya yi zafi, duka alamun ƙarancin fetur ne. Neman cok da asubar hunturu kaɗai ba laifi ba ne.

Kafin ka sake taɓa kafireta, buɗe akwatin iyakilina. A wannan lokaci na ƙura, matatar iska takan toshe cikin 'yan makonni, musamman ga mai bin hanyar burji, kuma toshewarta daidai take da tafiya da cok a rufe. Idan ta soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata ɗan baƙin mai ka matse. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, sabuwa ake sa wa. Kada kuma ka cire ta ka ci gaba da hawa don ka ji babur ya saki jiki, domin ƙurar da za ta shiga ita ce za ta kai ka ga sauke injin da muke gudu.

Amsa ta uku, daga wata mai sayar da kayan babur:
Ina goyon bayan Baba, amma zan ƙara abu ɗaya game da karanta fulogi. Idan ka bar babur ya yi ta silo kafin ka kunce, labarin silo kawai zai ba ka. In kana son sanin halin babban jet, sa fulogi mai tsabta, ka samu hanya marar cunkoso ka riƙe totur a buɗe na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe inji nan take, ka gangara gefe. Ka jira ya ɗan huce kafin ka kunce, domin kan injin alminiyom ne kuma zarensa ba ya jure tilas. Ka duba kuma robar wuyan da ta haɗa kafireta da inji, domin takan tsage da tsufa ta riƙa satar iska. Fesa mata ɗan ruwa yayin da inji yake silo. Idan sautinsa ya sauya, akwai tsaga.

Amsa ta huɗu, daga wani mazaunin Jos:
Mu a nan, da yake tsayin gari ya kai wajen mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, don haka baburan da aka saita a ƙasa sukan ɗan yi yawan mai idan sun hawo. Na faɗi haka ne don wanda zai karanta daga irin wurinmu. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane suke zuwa suna cewa a matse musu kafireta. Yawan mai yana cin aljihu ya ɓata fulogi, amma ƙarancinsa yana ƙona bawul, yana iya ma huda fistin, musamman a injin da iska kaɗai take sanyaya shi.

Tsohon bakanike ya ƙara da cewa:
Game da kusar, ka lura da inda take. Idan tana ɓangaren inji, ta mai ce, kuncewa yana ƙara fetur. Idan tana ɓangaren iyakilina, ta iska ce, kuncewa yana rage shi. Bayan inji ya ɗumama, murɗa ta ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ta zauna, ba tare da matsawa ba don bakinta siriri ne, sannan ka dawo da ita zagaye 1 da rabi zuwa 2. Daga nan ka riƙa juyawa rubu'i-rubu'i, kana saurare, har ka sami wurin da silo ya fi ɗagawa da daidaito, sai ka sauke shi da babbar kusar silo.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na buɗe iyakilina na tarar sosonta ya zama kamar tubalin laka, sai da na canza ruwan wanki sau uku. Kusar tana ɓangaren inji, kuma ko zagaye ɗaya ba ta cika ba. Na mayar da ita zagaye 2, na rage rubu'i. Fas-fas ya daina, silo yana saukowa nan da nan. Na yi gwajin Hajiya jiya da yamma, fulogi ya fito ruwan ƙasa mai ɗan duhu. Baba, wannan duhun a bar shi haka, ko a taɓa allura?

Tsohon bakanike:
A bar shi haka, ɗana. Ka hau shi mako guda kana auna man da kake sha, ka sake duba fulogin. Idan ya koma baƙi ko ka ga fetur yana ɗiga ta ƙasan kafireta, sai mu yi maganar fulot, wato abin da ke tsayar da shigar fetur idan kofin kafireta ya cika.