Nikon D7200 ta hannu: za ta iya da biki da hawan dawaki?

Sali, Garwa: Assalamu alaikum manyan zaure. Ana tallar kyamarar Nikon D7200 ta hannu da lensi 18-140. Aikin biki da suna ne, sai hawan dawaki a ƙofar Lamiɗo ranar sallah. A saya, ko a jira Canon 80D?

Malam Buba, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanena. In hoto tsayayye ne abincinka, saya. Ta fito a 2015, megafiksel 24, kuma har yau ba ta ba da kunya. Babban abin da ya sa nake fifita ta: ramin katin ajiyar hoto biyu gare ta. Shiga saiti ka sa rami na biyu ya riƙa kwafe duk abin da na farko ya ɗauka. Kati na mutuwa ba sallama, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. 80D rami ɗaya ne, haka ma D7500 da ta gaje ta a 2017. Sannan batirinta EN-EL15, Nikon ta ce yana kai hoto 1,110 a caji ɗaya, in kana leƙawa ta kafar ido ba ta allo ba.

Sali, Garwa: To Malam, dawakin fa? Gudunsu ne ke ba ni tsoro.

Malam Buba, Marwa: Ɗigon fokas 51 ne, 15 na tsakiya su ne masu kaifi. Sa ta a AF-C, wato fokas mai bin abin da ke motsi, zaɓi ɗigo 9, saurin shata 1/1000 na daƙiƙa ko sama, ka ɗora ɗigon a ƙirjin dokin gaba. Kada ka bar ta ta zaɓa da kanta, ƙurar da kofato ke tayarwa za ta kama. Tana hoto 6 a daƙiƙa, amma a RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba) mai bit 14 sai ta sauka zuwa 5, kuma bayan hoto kamar 18 za ta tsaya ta juye a kati. Saboda haka kada ka danne tun suna nesa. Jira su iso inda za su ja linzami su ɗaga bindiga.

Hajiya Asta, Ngaundere: Malam ya faɗi gaskiya, amma bai taɓo rauninta ba. Ɗana, in za ka haɗa da bidiyo, D7200 za ta wahalar da kai. Da ka koma kallon allo, fokas ɗinta sai ya yi ta kai da komowa, amarya na tafe fuska na dushewa tana dawowa. Allon a manne yake, ba ya juyawa, ba a latsa shi da yatsa. Ba ka iya canza buɗin lensi kana cikin yanayin bidiyo sai ka fita. 80D kuwa, ta 2016, tana da tsarin fokas na Dual Pixel, ka taɓa fuska a allo ta bi ta lami lafiya, ga allo mai juyawa da za ka ɗaga bisa kan taro. Dukansu dai ba 4K. Kuma duk wadda ka saya, a ƙarƙashin fitilar lantarki ka tsaya a shata 1/50 ko 1/100, don wutarmu 50 hez ce, in ba haka ba layuka za su riƙa yawo a bidiyon.

Alhaji Umar, Njamena: Kafin ka miƙa ko sefa ɗaya ka yi gwaji uku. Ɗauki hoto, ka duba bayanansa a kwamfuta, Nikon na rubuta adadin bugun shata a ciki. An gina ta don 150,000. Wadda ta haura 100,000 dole a rage kuɗi. Sai ka matse buɗin lensi zuwa f/22 ka ɗauki farin bango, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo baƙi ƙura ce, famfon iska na roba zai kore ta. Mai zobe kewaye da shi maiko ne, sai an goge sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, da ruwanta. Na uku, haska tocila cikin lensi ka nemi zare-zare kamar yanar gizo, wannan ruma ce, musamman in kayan sun zauna a Duwala.

Lokacin hunturu kada ka canza lensi a fili. Shiga ɗaki, kashe ta, bakin kyamara na kallon ƙasa. 18-140 ɗin ma kanta tana zuƙar iska duk sanda ta miƙe. Zafi kuma, littafinta ya ce iyaka digiri 40, Afrilu a nan kuwa ya fi haka, don haka kada a bar ta cikin mota ko but ɗin babur. Batirin jabu shi ne farkon kumbura.

Malam Buba, Marwa: Alhaji ya gama magana. Ƙari ɗaya: 18-140 tana rufewa zuwa f/5.6, cikin ɗakin amarya duhu zai ci ka. Nemi lensin AF-S 35mm f/1.8G. Tsohuwar 50mm f/1.8D ma tana fokas a kanta, don tana da injin fokas a jiki, abin da Nikon D5600 ba ta da shi. Farar babbar riga cikin rana kuwa, rage haske da -0.7 don aikin zare ya fito, ka ɗago fuska daga baya a RAW, ko ka cika ta da ɗan filasha. Sensarta tana ɗaukar wannan ɗagowar ba tare da hoto ya yi tsakuwa ba.

Hajiya Asta, Ngaundere: In ka kunna filasha a rana, ka tuna a saitin da ta zo da shi shata ba ta wuce 1/250, sai ka rufe lensi zuwa f/8 ko f/11 a ISO 100.