Hayar mahaifa a ƙasar waje: abin da aka tsayar kan gwajin DNA da fasfon jariri

An yi ta tattaunawa kan hayar mahaifa a ƙasar waje, wato wata mace ta ɗauki ciki ta haifa wa wasu jariri. Magana ta yi tsawo, don haka ga abin da na tattaro, musamman ga mazauna Ingila.

1. Kowa ya yarda cewa a dokar Birtaniya matar da ta haifi jaririn ita ce uwarsa, ko da ƙwan ba nata ba ne. In tana da aure, mijinta ne uba a idon doka. Sai kotun iyali ta ba da umarnin mayar da iyaye, ƙarƙashin dokar dashen ƙwai ta 2008, kafin yaron ya zama naku, ku da kuka yi hayar mahaifar.

2. Dole ɗaya daga cikinku ya zama jininsa ne. Nan gwajin DNA ke shigowa. An yi ta nanata cewa sakamakon kowane ɗakin gwaji ba ya wadatarwa, sai wanda hukuma ta amince da shi.

3. Amincewar mai ɗaukar cikin ba ta aiki sai bayan mako 6 da haihuwa. Ana so a shigar da buƙata kotu cikin wata 6.

4. Fasfo kan ɗauki watanni. Wata ta ce ta zauna a ɗakin haya da jariri a hannu tana jiran takarda har kuɗin guzurinta ya kusa ƙarewa. A ajiye rasit da takardun asibiti da yarjejeniya, kada ko ɗaya ya ɓace.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara da lauya tun kafin a dasa ƙwai, wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce. Ni dai ina tare da na farko. Wasu kuma sun tuna cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta hayar mahaifa tun 1986.