Vieux da waƙoƙin Ali Farka: riƙon gado ne ko taɓa amanar uba?

Kawu na Maraɗi: Assalamu alaikum. Jiya ɗan ƙanwata ya kunna mini faifan da Vieux Farka Toure ya fitar a 2022, wanda ya sa wa suna Ali. Waƙoƙin mahaifinsa ne, marigayi Ali Farka Toure na Mali, guda 8 ya sake rerawa tare da wasu makaɗa uku 'yan Texas da ake kira Khruangbin. Na saurara tun daga farko har ƙarshe, kuma raina bai so ba. Jitar Ali Farka busasshiya ce, kana jin kowace tsirkiya daban, ƙwarya tana bin ta a baya kamar takun raƙumi. Wannan kuwa an cika shi da amsa-kuwwa, an kwantar da shi har ya yi laushi. Maganata ɗaya ce: ɗan da ya gaji waƙa amana aka ba shi. Ko dai ya rera ta yadda ya same ta, ko ya bar ta ya yi tasa.

Mai Gurmi: Wa alaikumus salam, Kawu, Allah ya ƙara girma. A yi mini afuwa, amma shi Ali ɗin wa ya gada? Ba a gidan maroƙa aka haife shi ba. A Mali kiɗa sana'ar wasu gidaje ce, irin su Diabate da Kouyate, kuma danginsa ba su so ya taɓa ta ba. Da bakinmu sai mu ce ɗan haye ne. Ya fara da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, ya ɗauko kiɗan gargajiyar Songhai da na Fulani ya ɗora a kanta. Dattijan Niafunke, garin su Ali, na lokacin in da sun ce a bar komai yadda aka same shi, da ba mu san wani Ali Farka ba.

Kawu na Maraɗi: Ɗana, shi ya ɗora kiɗan gida ne a kan baƙon kaya. Ɗansa kuwa baƙi ya kira cikin ɗaki. Ba ɗaya ba ne.

Malamar Firamare: Kawu, ai shi ma Alin ya kira baƙi. Faifan da ya fara kawo masa kyautar Grammy, Talking Timbuktu na 1994, da Ry Cooder Ba'amurke suka yi shi. Kuma waƙar Diaraby da ke ciki, wadda Vieux ya maimaita, tsohuwar waƙar soyayya ce ta ƙasar Mande, an rera ta kafin Ali. To amanar wa Vieux ya taɓa a nan?

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda uban ya ƙi Vieux ya yi kiɗa da farko. Soja ya so yaron ya zama, don ya san wahalar da ke cikin sana'ar. Vieux ya shiga makarantar koyon fasaha ta Bamako, Toumani Diabate mai kaɗa kora, wato molon Mande mai tsirkiya da yawa, ya tsaya masa, daga baya uban ya sauko. Yana fama da ciwon dajin ƙashi ya zauna ya kaɗa jita a faifan ɗansa na farko, kafin rasuwarsa a watan Maris na 2006. Wanda ya sa hannunsa a aikinka yana kan gaɓar tafiya ai ya sa maka albarka.

Uwar Biyu: Ni fa ina bayan Kawu, sai dai dalilina daban ne. Shekaran jiya a wani biki a unguwarmu aka kawo ɗan wani marigayi makaɗin kotso. Da ya ɗaga murya, wallahi sai ka ce uban ne ya dawo. Wani tsoho da ke gefen rumfa ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ba kuɗi ya liƙa ba, tashi ya yi ya je ya riƙe hannun yaron ya daɗe bai saki ba. Da yaron ya sauya ko kalma ɗaya, da wannan tsohon bai samu abin da ya samu ba. Masu cewa a sabunta, ku tuna akwai waɗanda waƙar ce kaɗai ta rage musu daga zamaninsu.

Mai Gurmi: Yaya, na ji wannan har cikin zuciyata. Amma bari in faɗa muku abin da na gani a gidanmu. Mahaifina gurmi yake kaɗawa. Bayan rasuwarsa na shekara biyu ina kwaikwayon kaset ɗinsa, har inda yake jan numfashi nake ja. Wata rana babban ɗan amshinsa ya dafa gurmin ya tsayar da ni. Ya ce mini baban naka bai taɓa yin waƙar nan iri ɗaya sau biyu ba, in ya ga manoma ya sa noma, in ya ga mahauta ya juya ta. Kaset ɗin da nake bi na dare ɗaya ne kawai cikin dararen da ba su ƙirguwa. Tun ranar na gane faifai ne ya koya mana cewa waƙa tana da siffa guda. Kafin na'ura, gado shi ne ka san hanyar, ba ka haddace sawun ba.

Ɗalibi a Zariya: Ina neman izinin manya in sa baki. Tunda ana kiran kiɗan Ali da blues ɗin hamada, mu duba yadda blues ɗin Amurka, wato kiɗan baƙaƙen fatar can, ya yi tafiya. Muddy Waters ba wurin ubansa ya koya ba, Son House ya zuba wa ido a Mississippi. A 1941 Alan Lomax ya ɗauki muryarsa a gonar auduga yana kaɗa jita marar lantarki. A 1943 Muddy ya koma Chicago, hayaniyar gidajen rawa ta sa ya jona jitar da lantarki, kiɗan ya zama wani abu dabam. Ya rasu a 1983, kuma yau ɗansa Mud Morganfield yana rera waƙoƙinsa da murya mai kama da tasa ƙwarai. Ga hanyoyin nan biyu a gida ɗaya: uban ya sauya abin da ya samu, ɗan ya riƙe shi kusan yadda yake. Ban ga wanda ya ci amana a cikinsu ba.

Inda cin amanar yake shi ne ɓoye suna. Willie Dixon, marubucin waƙoƙin blues, sai da ya kai ƙungiyar mawaƙan Ingila Led Zeppelin kotu a 1985 kan kalmomin waƙarsa, aka sasanta a 1987. Vieux kuwa sunan uban ya rubuta a goshin faifan.

Kawu na Maraɗi: Wannan magana ta suna na karɓe ta. Amma ku yaran nan kuna ta kawo mini tarihi, ni kunne nake magana a kai. Ali yana waƙa da Songhai, da Fulatanci, da Bambara, da Tamashek. Nan Nijar duk mai jin Zabarmanci yana tsintar abin da yake faɗa, maganar noma, da aiki, da zaman tare. Mutum ne da ya koma gonarsa a bakin kogi, har ya zama magajin garin Niafunke a 2004. A sabon faifan kiɗa ya rufe magana. Bature zai kaɗa kai ya ji daɗi, bai san me aka ce ba, kuma ba a nufe shi da ya sani ba.

Malamar Firamare: Nan kam Kawu kun taɓo wuri mai ciwo. Ni ma na lura muryar ta ja baya a wasu waƙoƙin. Sai dai a shekarar nan ta 2022 Vieux ya fitar da wani faifan, Les Racines, wato saiwoyi, inda ya koma salon Songhai irin na uban. Kamar ya shimfiɗa tabarma biyu ne, ɗaya ta gida, ɗaya ta baƙi.

Uwar Biyu: To me ya hana ya ba baƙin nasa waƙoƙin, ya bar na uban a tabarmar gida? Tambayata ke nan, kuma ba wanda ya amsa ta.

Mai Gurmi: Yaya, amsar da nake da ita ita ce tawa. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya, haka ake cewa, amma Mamman Shata ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ga shi tun 1999 da ya rasu ba a daina kunna shi a tasha ba. Waƙar babana da na fi sauyawa ita ce matasa suka fi tambayata wa ya yi ta, kuma duk wanda ya tambaya sai na tura masa tsohon kaset ɗin da na juya a waya.

Kawu na Maraɗi: Ɗan ƙanwar tawa da ya kunna mini faifan, na tambaye shi ko ya taɓa jin na asalin. Ya ce a'a, bai ma san Vieux yana da uba mawaƙi ba sai da ya ga sunan. Na shiga ɗaki na ɗauko masa nawa. Har yanzu ina nan kan bakana game da amsa-kuwwar nan, ta yi yawa. Malama, ki turo mini wancan na saiwoyin, zan saurare shi bayan sallar isha'i.