Neman shawara: likita ya ce jijiyoyin jinin Inna sun yi tauri

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Jega nake. Innarmu shekarunta 57, an yi mata aikin sankarar mama, yanzu ana yi mata ƙarin ruwan nan ja, doxorubicin. Jiya awon jininta ya nuna 158/74, likita ya ce jijiyoyin jininta sun fara tauri. Na duba a waya, na ga wai masu ciwon daji da jijiyoyinsu suka yi tauri sun fi shiga haɗarin mutuwa. Wallahi ban runtsa ba. Gwaggo ta ce a bar asibiti a koma jiƙo. Mu dakatar da sauran ruwan ne?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ku dakatar da komai da kanku. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya kamar sabon tiyo take, tana buɗewa da kowane bugu ta koma. In ta ƙandare kamar tiyon da ya sha rana, zuciya sai ta yi da ƙarfi, ƙoda da ƙwaƙwalwa su sha dukan. Dubi tazarar lambobin nan biyu, 84 ce; a wurin manya, in ta wuce 60 alama ce ta taurin jijiya. Tsufa, hawan jini da ciwon suga ne suka fi kawo shi. Ruwan jan ma yana ƙara shi, yana kuma iya raunana zuciya, shi ya sa ake ƙirga adadin da mutum ya karɓa. Abin da kika karanta lissafin taron marasa lafiya ne, ba wa'adin Inna ba. Ki roƙi likitanta hoton zuciya na eko kafin zagaye na gaba, a kuma duba maganar maganin hawan jini.

Wata uwa, Argungu: Ɗiyata, na sha ruwan nan, ga ni ina rubuto miki. Gishiri na fara ragewa, da dunƙulen magi da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan bai cika ba. Daddawa da albasa suka riƙe mini miya. Bayan la'asar nakan zaga tsakar gida, jikata riƙe da hannuna. Ki lallashi Gwaggo, don ƙauna ta faɗa, amma hanta ce ke sarrafa ruwan nan, kada a ɗora mata jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba.

Wani ɗan uwa, Yauri: A guji diclofenac da ibuprofen na kemis, suna ɗaga jini. In ƙafa ta kumbura, ko tana haki, ko ta kasa kwanciya sai an jingina ta, ku tafi asibiti a ranar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yayanmu zai sayo na'urar awon jini, zan riƙa rubutawa safe da yamma in kai wa likita ranar Talata. Ku sa Inna a addu'a.